Ƙarshen Wata, In Ji Yallaɓai

Litinin, da hantsi

Ƙarshen wata, in ji Yallaɓai. Ya sake faɗa yau a taro, hannu a aljihu, yana kallon allon da na cika da 'yan takardu masu mannewa kamar allon ne zai amsa masa. Kamfaninsa ne, bakinsa ne ya yi alkawari, mu namu aiki.

Bari in rubuta yadda abin yake tun yanzu, saboda ranar da za a ce ban faɗa ba. Cibiyar wankin ƙoda ce ta ba mu aikin manhajar da za ta riƙa raba wa marasa lafiya injina a rassanta uku: wa zai hau wane inji, wace rana, da wane lokaci. Wadda suke amfani da ita yanzu ta wani kamfani ce da ke shirin rufe harkarsa, kuma ranar ɗaya ga wata za a kashe ta, mun gama ko ba mu gama ba. Da na tsara aikin, wata biyar na ce. Yallaɓai ya je wurin shugaban cibiyar ya dawo da uku. Na tambaye shi ina sauran biyun, ya ce, "Hajiya, ai na san ki, kullum sai kin ɗora wani abu a sama saboda ko-ta-kwana." Gaskiyarsa, na ɗora. Don rana irin ta yau na ɗora.

Abin da nake da shi: Dogo, babban mai rubuta manhajar, da mutanensa biyu. Sai mai gwajinmu, da muke ce wa Ƙwaƙƙwafi saboda ba abin da ke wuce ta. Sai ni, mai riƙe da jadawali, wadda ake tambaya yaushe.

Yau ma ban iya shan shayin ofis ba.

Talata, bayan Azahar

Na tambayi Dogo kwana nawa zai ɗauka ya kwashe bayanan marasa lafiya daga tsohuwar manhaja zuwa tamu. Ya ɗaga yatsu biyu, bai ko juyo ba. Mun daɗe muna aiki tare, na san kwana biyun Dogo mako ne, makonsa kuma sai yadda Allah ya yi. Na rubuta mako. Ya leƙo ya gani ya ce, "Anti, kin raina ni."

Na ce, "Ban raina ka ba, sanin ka na yi."

Daga nan na kai wa Yallaɓai rahoton abubuwan da za su iya ɓata mana aiki, wanda muke tura wa cibiyar duk mako. Uku na shafa wa ja: ba mu ga ainihin bayanan da za mu kwashe ba tukuna, ba a koya wa nas-nas ba, kuma Dogo kaɗai ya san cikin wannan ɓangaren. Ya duba ya ce ja na tayar wa mutane da hankali, in mayar da su rawaya. Na ce ai don a tayar da hankalin aka yi jan. Muka yi ta ciniki kamar a kasuwa. Na tsira da biyu, ya tafi da ɗaya.

Na gaji, kuma yau Talata ce kawai.

Laraba, da yamma

Matakalar ofis ta ƙara tsawo. Sai da na huta a hanya.

Alhamis, bayan La'asar

Na je babban reshen cibiyar in ga Sista, babbar nas ɗin da ke riƙe da jadawalinsu. Ba ta zauna ba, tana tafe ina bin ta a baya da kwamfuta a hammata. Ɗaki ne dogo, gadaje a jere, kowane da injinsa yana 'yar ƙara, jini na zagayawa cikin siraran robobi. Wani na barci, wani na latsa waya, wata mata na jan carbi da hannun da ba a soka wa allura ba.

Can ƙarshen ɗakin akwai injina biyu a bayan labule. Sista ta ce na masu ciwon hanta ne. Ba a ɗora su a kan injin kowa, ba a ɗora kowa a kan nasu. "In kuka kuskure wannan," ta ce, "ku da Allah." Ta wuce.

Wani dattijo, tsohon direban babbar mota, ya yafuto ni. "'Yata, ke ce mai kwamfutar? To ki gaya mata ni injin gefen taga nake so. Rayuwata duka hanya nake kallo, ba zan ƙare da kallon bango ba."

Na ce, "Zan gaya mata, Baba."

Warin maganin wurin ya tayar min da zuciya. Na fita na jingina da bango a bayan motar asibiti har ya lafa.

Asabar, da safe

Maigidana, Malam, ya hana ni wanki. Yana zaune da tulin takardun jarrabawar ɗalibansa, jan biro a bayan kunne, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Injiniya, ajiye bokitin nan." Na ce ai ba ciwo nake ba. Ya ce shi ma bai ce ciwo nake ba.

Cikin nan mako na tara ke nan. Na bara a na goma ya tsaya. Na farko bai ma kawo nan ba. Ya sani, na sani. Muka yi hirar famfon kicin da ke ɗiga.

Ban gaya wa kowa a ofis ba. Bara na yi saurin faɗa, sai ga ni ina karɓar jaje a gaban firinta.

Litinin, da yamma

Dogo ya gama kwashe bayanan gwaji. Mako guda ya ɗauka, ban ce masa komai ba. Ya tashi ya taka rawa tsakanin tebura, ya kusa fizge wayar wuta. Yallaɓai ya fito daga ofishinsa yana tafi, ya dube ni: "Hajiya, ja ko rawaya?"

Na ce sai Ƙwaƙƙwafi ta duba.

Talata, bayan Azahar

Da safe Ƙwaƙƙwafi ta jawo kujera kusa da ni, ta yi ƙasa da murya, abin da ba ta saba ba. "Anti, zo ki ga wani abu."

Ashe tsohuwar manhajar ba ta da gurbin da ake nuna mai ciwon hanta. A gurbin ƙarin bayani nas-nas suke rubutawa, kowace da salonta. Wata ta rubuta sunan ciwon cikakke, wata ta taƙaita shi, wata ta sa tauraro, wata kuwa "bayan labule" kawai ta rubuta. Abin da Dogo ya haɗa cikakken sunan kaɗai yake kamawa. Ta sa manhajarmu ta fitar da jadawalin mako, sai ga wani mutumin bayan labule a kan inji na huɗu, tsakiyar ɗaki, da wata mata da za ta hau injin bayan ya sauka.

Dogo ya zo ya tsaya a kanmu. "Zan ƙara sauran kalmomin. Kwana biyu."

Na ce, "Ka san duka kalmomin?"

Ba wanda ya sani. Sai an bi mutane ɗaya bayan ɗaya an haɗa da sakamakon gwajin jininsu da ke cikin fayil, kuma nas ce kaɗai za ta iya wannan. Ɗaruruwan mutane, a rassa uku, a hannun matan da ko lokacin cin abinci ba su da shi.

Na shiga wurin Yallaɓai na rufe ƙofa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "A kunna, a gyara daga baya. Ai nas-nas sun san mutanensu."

"Na babban reshe sun sani, Yallaɓai. Sabon reshen rabinsu sababbi ne, kuma marasa lafiya na yawo tsakanin rassa. In allo ya ce inji na huɗu, wadda ta kwana aiki inji na huɗu za ta kai shi."

"To me kike so?"

"Lokaci."

"Shi ne ba ni da shi. Na kira masu tsohuwar, sun ce ko kwana ɗaya ba za su ƙara ba, sun sallami ma'aikatansu. Na zauna a gaban shugaban cibiyar na ba shi rana. Ƙarshen wata, Hajiya."

Shi ma a gajiye yake, na ga idonsa. Hakan bai rage komai ba, amma na gani.

Laraba, da hantsi

Jini, a banɗakin ofis. Kaɗan ne.

Bara ma kaɗan ne.

Laraba, bayan Magariba

Malam ya baro aji ya zo ya ɗauke ni, da allin a hannun rigarsa. A hanya yana ta ba ni labarin wani ɗalibi da ya rubuta masa addu'a a maimakon amsa. Na san me ya sa yake surutu, na ƙyale shi.

Likita ta daɗe tana kallon na'urar. Ta ce akwai abin da ta gani, akwai wanda ba ta son yadda yake. Ta faɗi wata kalma, ban riƙe ba, Malam ya riƙe. Kwanciya. Ba matakala, ba doguwar tafiya a mota, ba ɗaukar komai, ba tashin hankali. Na ce mata ina da aiki da zai ƙare ƙarshen wata. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To ki zaɓa."

Na tura wa Yallaɓai saƙo cewa likita ta kwantar da ni. Ya amsa: Allah ya sawwaƙe, yaushe za ki dawo?

Kowa yaushe.

Alhamis, da rana

Yaya ta iso da jakarta da filonta, wato zama ta zo yi. Malam ne ya kira ta, ya musanta, ya kuma amsa daga baya. Tana shigowa ta tarar da kwamfuta a kan cinyata. Ta ɗauke ta kamar ta kama yaro da ashana.

"Auta, ke da ke da juna biyu, a wannan halin, wannan abu mai zafi kike ɗorawa a jikinki?"

"Yaya, aikin mutane ne."

"Mutanen su zo su ɗauka."

Ta ɗora ta a saman durowa inda ba zan kai ba sai da kujera. Ta bar min waya, wai saboda 'yan dubiya.

Juma'a, da hantsi

Rufin ɗakin nan akwai tabon ruwa mai kama da akuya. Ban taɓa lura ba.

Asabar, bayan La'asar

Na sa Dogo da Ƙwaƙƙwafi sun zo gida. Yaya ta yarda in kwanta a doguwar kujerar falo, ita kuma ta zauna a bakin ƙofa tana gyaran farce tana gadi. Dogo ya zauna a ƙasa, ya rasa inda zai kai ƙafafunsa. Bai tambayi me ke damuna ba. Ƙwaƙƙwafi ta kalle ni, ta kalli Yaya, ta gane, ta yi shiru. Allah ya yi mata albarka.

Na faɗa musu abin da na kwana biyu ina juyawa. Kada a kunna tamu ranar ɗaya ga wata. Kafin tsohuwar ta mutu, a buga jadawalin mako biyu a takarda, kowane reshe da nasa, nas-nas su yi aiki da shi. A cikin wannan lokacin su tantance mutanensu ɗaya-ɗaya, Ƙwaƙƙwafi na gefensu tana shigarwa. Dogo ya sa manhajar ta ƙi ba wa kowa inji sai an cika wannan gurbin, eh ko a'a. Sannan a fara da ƙaramin reshe, in ya zauna a tafi na gaba. Duk kayan ado da muka yi alkawari, saƙon tunatarwa ta waya, rahoton wata, a jingine su.

Dogo ya ce, "Anti, takarda ma fa tana da nata haɗarin."

Na ce, "Tana da shi. Amma nas ta san takarda na yin kuskure, tana dubawa. Allo ba ta duba shi."

"Yallaɓai ba zai yarda ba."

"Na sani."

Na sa Dogo ya zaunar da ɗaya daga cikin mutanensa ya koya masa ɓangaren kwashe bayanan, tun daga tushe. Ya ce ai ba inda za shi. Na ce ni ma haka na ce.

Yaya ta tashi ta ce lokaci ya yi. Dogo ya miƙe ya buga kai da fitila.

Litinin, da safe

Na kira Yallaɓai. Na yi bayani a tsanake, a kwance, ina kallon akuyar rufi.

"Hajiya, so kike in je gaban mutanen nan in ce kamfanin manhaja ya ce su koma takarda da biro?"

"Na mako biyu, Yallaɓai."

"Kin san akwai wani aikin da suke shirin ba mu bayan wannan? Kin san mutum nawa ke ci a kamfanin nan?"

"Na sani."

"Kina kwance a gida kina tsara min yadda zan kunyata."

Na ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Ko ba ka yarda da shawarata ba, a gaya musu abin da muka gano. Jinin mutanensu ne."

Ya ce zai duba. Na san wannan zai duban.

Talata, bayan Azahar

Ƙwaƙƙwafi ta turo min rahoton makon nan da aka aika wa cibiyar. Ba ja ko ɗaya. Maganar bayan labule tana can ƙasa, layi ɗaya: ƙananan gyare-gyaren bayanai.

Jinin ya ɗan dawo yau da safe. Yaya ta canza zanen gado.

Laraba, da hantsi

Na kira Sista.

Na daɗe da wayar a hannu kafin in danna. Ban taɓa tsallake Yallaɓai ba tun da ya ɗauke ni aiki. Shi ya ɗauke ni lokacin da wasu ke cewa matar aure ba ta riƙe aikin dare da rana, kuma bara da abin ya faru da kansa ya kawo min takardar hutu gida. Duk na tuna. Na danna.

Na gaya mata komai, inji na huɗu da matar da ke bayansa. Ina jin ƙarar injina ta wayar. Sannan ta ce, "Wato ni da 'yan matana za mu bi fayil ɗaya-ɗaya, mu kuma koma takarda, a kan aikin da muke yi."

"Haka ne, Sista."

"Kun kyauta." Ta ja tsaki. "Turo min yarinyar taku gobe da sassafe. Zan ga shugaba yanzu."

Na tura wa Yallaɓai saƙo na gaya masa na kira ta, don kada ya ji a bakin wani. Ya karanta. Bai amsa ba.

Malam ya dawo ya same ni ina kuka. Ya tsaya a ƙofa fuskarsa ta sauya gaba ɗaya, sai na gane abin da ya zata. Na ce, "Ba shi ba ne, aiki ne." Ya zauna a bakin gado ya cire takalmi a hankali, ya daɗe yana cirewa.

Juma'a, da yamma

Cibiyar ta zaɓi takarda. Dogo ya ce shugabansu ya yi wa Yallaɓai magana a tsaye, a gaban mutane. Ya ce ofis shiru kamar gidan makoki, firinta ce kawai ke aiki tun safe.

Ban ji daɗi ba. Na zata zan ji.

Lahadi, da rana

Yaya na yi min tsifa tana ba ni labarin mutanen da ban sani ba. Wa ta haihu, wa ya ƙaura, wa ya sayi mota ba shi da wurin ajiye ta. Na yi barci kaina a cinyarta.

Litinin, ɗaya ga wata, da safe

An kashe tsohuwar.

Laraba, bayan La'asar

Ƙwaƙƙwafi na kirana duk yamma daga cibiyar, muryarta a dashe. Nas-nas na yi mata kallon ita ta kawo musu wahala. Sista ta ba ta kujera a lungu kusa da wurin wanke hannu. Ta ce sun samu wata sabuwar alama, wata nas da ta bar aiki tuni tana rubuta harafi ɗaya ne kawai da ɗigo. Dogo da ya ji ya ce shi ya daina cewa kwana biyu har abada. Na ce a rubuta a sa masa hannu.

Juma'a, da hantsi

Direban nan. Baban gefen taga.

Wani ya nemi a musanya masa rana, nas ta gyara a takardarta da biro, ba a gyara a ta mai karɓar baƙi ba. Aka ce wa Baba ranarsa ta koma Asabar. Ya koma gida. Ruwa ya taru masa a ƙirji, jiya da yamma aka kawo shi ba ya iya numfashi. Yana ɗakin gaggawa.

Yallaɓai ya turo saƙo, na farko tun ranar da na kira Sista: Ga takardarki nan.

Me zan ce? Manhajarmu ba za ta yi wannan kuskuren ba, gaskiya ne. Wani za ta yi. Na auna biyun na zaɓi ɗaya, kuma wanda na zaɓa ya faɗa kan mutumin da ya kira ni 'yarsa.

Yaya ta ƙwace wayar. Ban yi gardama ba.

Asabar

Na gaji.

Lahadi, da safe

Malam ya je cibiyar ba tare da ya gaya min ba. Ya dawo ya ce an cire wa Baba ruwan, yana zaune, yana faɗa da nas a kan an hana shi gishiri. Na ce ya rantse. Ya ce, "Injiniya, yaushe na fara yi miki ƙarya?" Na ce ranar da ya ce ba shi ya kira Yaya ba. Yaya daga kicin ta ce a daina sa sunanta.

Na ci abinci sosai yau.

Laraba, bayan Azahar

An gama tantancewa. Mutum goma sha ɗaya ne manhajarmu za ta ɗora a injin kowa da an kunna ta yadda take. Ƙwaƙƙwafi ce ta faɗa min adadin. Ta ce ta kai wa Yallaɓai, ya duba, ya ce to, ya ci gaba da abin da yake yi.

Kwana biyu ke nan ban ga jini ba. Ba na son rubuta wannan ma, kada in yi baki.

Litinin, da yamma

An kunna a ƙaramin reshe da safe. Dogo ya riƙa turo min saƙo kamar mai ba da labarin ƙwallo. Firintar reshen ta ƙi aiki, an gyara. Wata nas ta manta kalmar sirrinta sau uku. Manhajar ta ƙi ba wa wani sabon majiyyaci inji saboda ba a cika gurbin ba, nas ta yi ta faɗa, sannan ta je ta ɗauko fayil ɗinsa ta cika. Shi ke nan. Ba wanda ya yi tafi.

Bayan La'asar Yallaɓai ya kira. Ya tambayi jiki. Ya ce ya ɗauko wani da zai riƙe sauran rassan biyu, in huta sosai, in na warke a zauna a ga inda za a sa ni. Aikin da cibiyar ta yi niyyar ba mu na gaba, sun ce sai sun sake tunani.

Na ce, "Yallaɓai, ban yi don in kunyata ka ba."

Ya ce, "Na sani, Hajiya. Amma kin yi."

Na ce a ba sabon mutumin jadawalina, duk abin da ya rage yana ciki. Ya ce an riga an ba shi.

Talata, da hantsi

Ba wanda ya kira. Na kwanta ina jin maƙwabciya na shanya tana waƙa.

Alhamis, bayan La'asar

Mun koma wurin likita da safe. Malam ya tuƙa kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, masu babur na zaginsa yana ba su haƙuri. Yaya a baya tana addu'a a fili.

Likita ta shafa min abin nan mai sanyi, ta juya na'urar, ta daɗe. Na rufe ido. Sai ta murɗa wani abu, ɗakin ya cika da ƙara, da sauri da sauri, kamar ƙaramin doki na gudu a kan katako. Ta ce abin da ba ta so ɗin ya ragu sosai. Ta ce ba a fita daga haɗari ba tukuna, in ci gaba da kwanciya, amma wannan da muke ji lafiyarsa ƙalau. Yaya ta fashe da kuka ta rungume nas ɗin da ba ta san ta ba.

Malam ya yi wa likita godiya cikin natsuwa, ya tambayi magunguna, ya tambayi ranar dawowa, ya ce bari ya je ya kawo mota bakin ƙofa.

Muka jira, bai zo ba. Yaya ta riƙe ni muka taka a hankali zuwa wurin ajiye motoci. Yana ciki, ya fito da motar rabi ta tare hanya, hannuwansa biyu a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Tun da muka yi aure ban taɓa ganin hawayensa ba, ko bara. Na buɗe na zauna a gefensa. Yaya ta tsaya a waje ta juya mana baya tana kallon wata bishiya.

Mai gadi ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi. "Malam, ka tare hanya fa."

"Yi haƙuri, yanzu za mu tafi," in ji shi. Bai motsa ba.

Na ce, "Kawo in tuƙa."

Ya share fuska da hannun riga. "Likita ta hana."

Motoci uku na bayanmu suna ta hon. Muka zauna.